Daga Napster zuwa IPv6: Yadda Ƙarancin Adireshi Ya Takura wa Masu Musayar Fayil

A watan Yunin 1999 wasu matasa biyu a Amurka, Shawn Fanning da Sean Parker, suka saki manhajar Napster. Mutum zai rubuta sunan waƙa, manhajar ta nuna masa wanda ke da ita a kwamfutarsa, sai ya ɗauko kai tsaye daga can. Kamfanin bai ajiye waƙa ko ɗaya ba, jerin sunaye kawai yake riƙewa, kuma ta nan aka kama shi. Mawaƙan Metallica da kamfanonin faifai suka kai ƙara, a watan Yulin 2001 aka rufe shi.

Kafin a kai ga haka wasu sun riga sun ɗauki darasi. A watan Maris na 2000 Justin Frankel da Tom Pepper suka fito da Gnutella, wadda ba ta da cibiyar da kotu za ta garƙame. A 2001 kuma Bram Cohen ya kawo BitTorrent, dabarar da ta fi sauran daɗewa. Ana daddatsa babban fayil gunduwa-gunduwa, kowa yana karɓar abin da ya rasa yana kuma miƙa wa wasu abin da ya samu, wanda ya fi bayarwa a fi ba shi. Yawan masu nema, wanda ke durƙusar da kwamfuta guda mai rabawa, a nan shi ke ƙara sauri.

Duk waɗannan dabaru sun tsaya ne a kan sharaɗi ɗaya: kowace kwamfuta ta iya kiran 'yar'uwarta, a kuma iya kiranta. Haka aka gina intanet tun farko. Tsarin IPv4, wanda Jon Postel ya tace takardarsa a 1981, ya ba kowace na'ura lambarta, kuma lambobin sun kai kimanin biliyan 4.3. A zamanin da jami'o'i da cibiyoyin bincike kaɗai ke kan layi, wannan ya yi kama da abin da ba zai taɓa ƙarewa ba. Shekara goma bayan haka injiniyoyi suka fara lissafin ranar da zai ƙare.

Maganin gaggawa ya zo a 1994, lokacin da Kjeld Egevang da Paul Francis suka rubuta tsarin NAT, wanda ke ɓoye na'urori da yawa a bayan adireshi ɗaya. Kamar gidan haya ne mai ɗaki ashirin da lamba guda a ƙofa: idan ɗan haya ya aika saƙo, mai gadi ya san ɗakin da zai kai amsa, amma baƙon da ya zo ba a aika masa ba sai a sallame shi daga zaure. Mai karanta labarai a shafi bai ji komai ba, domin shi ke kira kullum. Mai musayar fayil shi ya ji a jikinsa. Idan mutum biyu duk suna bayan NAT, babu wanda zai iya fara yi wa ɗaya sallama. Shi ya sa masu BitTorrent na wancan lokaci suka ƙware wajen shiga saitin na'urar rarraba intanet ta gida su buɗe ƙofa da hannu, suna jiran alamar manhajar ta koma kore. Masu rubuta manhaja su ma suka ƙirƙiro hanyoyin zagaye, har da neman kwamfuta ta uku ta shiga tsakani. Skype, wadda Niklas Zennström da Janus Friis, mutanen da suka kafa manhajar musayar fayil ta Kazaa, suka ƙaddamar a 2003, ta daɗe tana bi da kiran mutane ta kwamfutocin waɗanda suka yi sa'ar samun adireshi nasu na kansu.

Maganin dindindin ya riga ya samu a takarda. A watan Disamban 1995 Steve Deering da Robert Hinden suka wallafa IPv6, aka sake tace shi a 1998. An faɗaɗa adireshi daga bit 32 zuwa 128, adadin da in za a rubuta shi sai an sa 340 an bi shi da lambobi 36. Kowace waya, kowace kwamfuta za ta iya samun nata. Matsalar ita ce sabon tsarin ba ya magana da tsohon kai tsaye. Masu sayar da intanet suka ce babu shafukan da ke kai, masu shafuka suka ce babu jama'a a kai, aka yi shekara fiye da goma ana kallon juna.

Waɗanda suka fara motsa shi da gaske su ne mutanen da NAT ya fi cutarwa. Christian Huitema na Microsoft ya tsara Teredo, hanyar naɗe saƙon IPv6 a cikin na IPv4 don ya ratsa NAT, kuma Windows Vista ta zo da ita a ciki. A 2008 uTorrent, ɗaya daga manhajojin BitTorrent, ta fitar da siga ta 1.8 wadda ta iya amfani da wannan hanya. Kamfanin Arbor Networks, mai auna zirga-zirgar intanet, ya ba da rahoto a 2009 cewa abin da ke bi ta IPv6 ya ninka sau da yawa cikin shekara guda, ya kuma danganta babban ɓangaren hauhawar da wannan manhaja. Abin lura ne cewa tsarin da manyan kamfanoni suka yi ta jan ƙafa a kansa, masu torrent a ɗakunan kwanansu ne suka fara cika shi da kaya.

Dole aka gyara BitTorrent ɗin ma. A tsohon tsari, bayanin kowane abokin musaya bayit 6 ne, huɗu na adireshi biyu na ƙofa. Na IPv6 yana cin 18, don haka a 2008 aka ƙara masa wani jeri daban. A 2009 Juliusz Chroboczek, malamin kwamfuta a Faris, ya rubuta yadda DHT, rumbun da masu musaya ke gano juna ba tare da cibiya ba, zai yi aiki a kan IPv6. Sakamakon shi ne rumbu biyu masu tafiya kafaɗa da kafaɗa, kuma manhajoji irin su Transmission da qBittorrent suna leƙa duka biyun.

Ranar 3 ga Fabrairun 2011, a wani taro a Miami, hukumar IANA, mai kula da rabon adireshin intanet na duniya, ta raba rukuni biyar na ƙarshe na adireshin IPv4. Ranar 6 ga Yunin 2012 Google da Facebook da wasu suka kunna IPv6 ba tare da niyyar kashewa ba. Indiya ta yi tsalle bayan kamfanin waya na Reliance Jio ya fara aiki a 2016 da sabon tsarin, kuma alkaluman Google sun nuna masu zuwa masa ta IPv6 sun haura kashi 40 cikin ɗari a duniya.

Samun adireshi bai share komai ba. Yawancin na'urorin gida suna da katangar tsaro mai hana baƙon saƙo shiga ko a kan IPv6. Wanda ke musaya kuma adireshinsa a fili yake ga duk wanda ke cikin musayar, har da lauyoyin masu haƙƙin mallaka, ko da yake an tsara yadda na'ura za ta riƙa sauya wutsiyar adireshinta lokaci-lokaci. Kuma tsarin adireshi ba ya halatta kayan sata: hanyar da masu manhajojin Debian da Ubuntu da ma'ajiyar Internet Archive ke raba nasu a fili ita ce ake bi a kwashe gumin masu fim da mawaƙa.

A Najeriya da Nijar, inda galibin jama'a ke hawa intanet ta waya, IPv6 bai yi nisa ba tukuna, kuma layukan waya sukan tara dubban mutane a bayan adireshi kaɗan, a wani babban NAT da mai waya ba shi da ikon buɗe ƙofarsa. Ga tsadar data. Musayar da aka fi sani a Kano ita ce ta kusa da kusa, ta Xender ko katin memori a shagunan masu tura fina-finai. Afirka ce nahiyar da IPv4 ya fi daɗewa bai ƙare mata ba, abin da ya rage wa kamfanoninta matsin sauyawa, amma tun watan Janairun 2020 hukumar AFRINIC da ke Mauritius, mai raba wa Afirka adireshi, ba ta ba mai nema fiye da adireshi 1,024 a buƙata guda, ko da masu layinsa sun kai miliyoyi.