Ƙwarin ƙura da wankin kayan shimfiɗa

Mene ne ƙwarin ƙura?

Ƙwarin ƙura wasu ƴan mitsi-mitsin halittu ne da ido ba ya gani. Tsawon kowane ɗaya bai kai rabin milimita ba. Ƙafafunsu 8, kuma dangin kaska ne da gizo-gizo. Suna zama cikin katifa, matashin kai, bargo da zanen gado. Abincinsu shi ne ɓurɓushin fatar da ke zuba daga jikin mutum.

Ba su cizo kamar kuɗin cizo. Kashinsu ne ke cutarwa. Yana gauraya da ƙura, mutum ya shaƙe shi cikin barci. Ga wasu mutane, yana kawo atishawa, yoyon hanci da ƙaiƙayin ido, yana kuma tayar da ciwon fuka, musamman ga yara.

Yaushe suke yawaita?

Waɗannan ƙwari ba su shan ruwa, daga damshin iska suke samunsa. Shi ya sa suke yawaita da damina, daga Yuni zuwa Satumba. Idan hunturu ya shigo iska ta bushe, da yawansu kan mutu, amma kashinsu yana nan cikin shimfiɗa sai an wanke.

Wane ruwa ya dace?

Ruwan sanyi da sabulu yana fitar da mafi yawan kashin ƙwarin, amma ba ya kashe su. Ruwan da zafinsa ya kai digiri 60 shi ne ke kashe su.

Itacen girki yana da tsada. Idan babu mai fuka a gida, ruwan sanyi da rana sun isa. Idan akwai mai fuka, a wanke zanen gadonsa da rigar matashinsa da ruwan zafi sau ɗaya a mako.

Yadda za a yi

1. A fara ɗauraye tabon jini da ruwan sanyi, domin ruwan zafi yana sa shi ya kama.
2. A zuba ruwan rijiya ko na famfo kwano ɗaya cikin baho, a ƙara tafasasshen ruwa kwano ɗaya. Wannan haɗin yana ba da zafi wajen digiri 60.
3. A tsoma zanen da sanda, a rufe, a bar shi minti 15.
4. Idan ruwan ya huce, a wanke da sabulu, a ɗauraye sosai.
5. A shanya a rana har ya bushe ƙarau. Kada a shimfiɗa zane mai danshi.

Katifa da matashi

Waɗannan ba su wankuwa da sauƙi. A fitar da su cikin rana mai ƙarfi na awoyi da dama, a juya su, a kakkaɓe a waje. Mai fuka ya yi nesa lokacin kakkaɓa.

Hattara

Ruwa mai digiri 60 yana ƙona fata cikin daƙiƙoƙi kaɗan. Kada a sa hannu, kada a bar yara kusa da baho.

Ruwan zafi yana sa atamfa ta zuba, bargon ulu kuma ya tsuke. A wanke su da ruwan sanyi.

Sange mai magani ba ya son ruwan zafi. A wanke shi a hankali da ruwan sanyi da sabulu, a shanya a inuwa, don kada maganin sauro ya lalace.

Wanki ba ya maye gurbin magani. Idan numfashin yaro yana fita da ƙyar ko yana shessheƙa da dare, a kai shi gidan likita ba tare da jinkiri ba.