Jan Ulu da Gashin Zakara

Mu da muka tashi muna haƙo tana a bakin rafi mu soka wa ƙugiya, da wuya mu yarda cewa kifi zai bar abinci ya cafki zare da gashin tsuntsu. Amma an fi shekara 1,800 ana yaudarar kifi da haka. Turawa suna kiran abin fatsar ƙuda, ko da yake babu ƙuda a ciki. Ƙugiya ce ake yi wa sutura har ta yi kama da ƙwaro.

Labari mafi tsufa da ya fayyace ta ya fito daga Aelian, marubucin Rum da ya rayu wajen shekara ta 200 miladiyya. Ya ba da labarin masuntan wani kogi a Masedoniya, tsakanin Beroya da Tasalonika, inda kifi mai ɗigo-ɗigo ke cafke wani ƙwaro da ke shawagi a saman ruwa. Ƙwaron ba ya jure hannu. Da an taɓa shi launinsa ya dushe, fiffikensa ya lalace, kifi kuma ya ƙi shi. Sai masuntan suka naɗa wa ƙugiya jan ulu, suka ɗaura gashi biyu na wuyan zakara. Sandarsu ƙafa shida ce, igiyar ma haka. Duk wanda ya ga yadda kifi ke rububin shinge bayan ruwan fari zai gane abin da idonsu ya gani.

Daga rashin nauyin ƙudan ne dabarar jifa ta samo asali. Ƙudan bogi ba shi da nauyin da zai ja igiya, don haka igiyar ce ke ɗauke da nauyin, a kaɗa ta baya da gaba kamar bulala har ta miƙe ta sauke shi a hankali. Wannan ne abin da ke fara ba sabon shiga wuya har gobe.

A Ingila, cikin 1496, aka buga wani ɗan littafi da ake jingina wa wata mata mai suna Juliana Berners. Ya lissafa ƙudaje goma sha biyu, kowane da watansa, ya kuma koyar da yadda mutum zai lanƙwasa allura ta zama ƙugiya, ya tuƙa igiya da izgar doki. Komai da hannunka. A 1676 Charles Cotton ya kai lissafin sama da sittin.

Rigima ta zo ne da kuɗi. A ƙarni na 19 jirgin ƙasa ya kusanto da attajiran Landan ga kogunan kudancin Ingila, irin su Test da Itchen, masu ruwa garau har kana ƙirga kifin da ke ciki. Ƙungiyoyi suka kama gaɓar kogi haya, suka ɗauki masu gadi. Masu kamun kifin salmon kuma suka shiga gasar ado, suna ɗaure ƙudajensu da gashin tsuntsayen Indiya da Kudancin Amurka, har da na zabon nan da muke fige wa ba mu waiwayi gashinsa ba.

Cikin wannan yanayi Frederic Halford ya fitar da littafinsa na farko a 1886. Koyarwarsa ita ce a jira sai kifi ya taso, a jefa masa ƙuda busasshe mai yawo a saman ruwa, daga ƙasa zuwa sama da kogi, ƙudan kuma ya yi kama da ainihin ƙwaron da ke tashi a ranar. Dabara ce mai kyau, ba mu musa ba. Sai dai mabiyansa sun mai da ita doka, har mutum ya nutsar da ƙuda a ce ba shi da tarbiyya.

Wani lauya, G. E. M. Skues, ya ƙi bin wannan. Ya yi shekara da shekaru yana zura siririn cokalin ɓargo a bakin kifin da ya kama yana duba abin da ya ci. Abin da ya riƙa gani shi ne 'ya'yan ƙwari da ba su kai ga yin fiffike ba, waɗanda kifi ke tsinta a ƙarƙashin ruwa. Ashe yawancin cin kifi ba a sama yake ba. Ya rubuta haka a 1910, ya kuma ɗaura ƙudaje masu nutsewa. Halford ya rasu a 1914, amma almajiransa ba su sassauta ba. A 1938 aka shirya muhawara a ƙungiyar masu fatsar ƙuda ta Landan, aka yi wa Skues taron dangi yana dab da cika shekara tamanin. A shekarar ya bar Itchen, kogin da ya fi shekara hamsin yana kamun kifi a cikinsa.

A ganinmu duka biyun sun kalli ruwa da kyau, illa dai ɗaya ya tsaya a abin da ido ke gani daga gaɓa, ɗayan ya buɗe cikin kifi. Abin da ya ɓata lamarin shi ne masu riƙe da kogi suka zaɓi ɗaya suka ce shi kaɗai ne mutunci.

Wanda ya kammala aikin Skues ba attajiri ba ne. Frank Sawyer mai kula da kogi ne a Avon, aikinsa yankan ciyawar ruwa da gyaran gaɓa. Ya ɗauki 'yan zarurrukan gashin wutsiyar wani tsuntsun daji dangin kaza, ya naɗe su da siririyar wayar jan ƙarfe, ba zare ko ɗaya, wayar ce ke sa ƙudan ya nutse. Ya bayyana shi a littafinsa na 1958. Wanda ya sayi akwatin ƙudaje na farko a yau, ko a Amurka ko a Kenya, da wuya ya buɗe bai tarar da shi ba, a jere kusa da busassun ƙudaje irin na Halford.