Adakar Baba da shekarun Maraɗi

In ka taɓa tambayar wani tsohon Maraɗi shekarar haihuwarshi, ka san ba lamba zai ba ka ba. Mahaifina, Allah ya jiƙan shi, in an tambaye shi sai ya ce: "Da gulbi ya ci gari, ina kiwon awakin Innata." Shi ke nan. Takardar da aka yi mishi a gaban alƙali cewa ta yi an haife shi wajen 1938, kuma wannan "wajen" bai rabu da shi ba har kushewa.

Da aka tashi zaman makoki aka zo rabon gado, muka buɗe adakarshi ta ƙarfe. Babu kuɗi. Takardun lanho ne ɗaure da zare, da hoto guda, da wani littafin bashi da ya rubuta da ajami. Sai da muka baje su bisa tabarma na gane cewa labaran da yake ba mu bayan sallar isha'i, muna gyangyaɗi, tarihin garin nan ne.

Ɗauki cin gari da gulbi ya yi. A 1945 ne. Tsohon Maraɗi a cikin kwari yake, bakin fadama, inda Katsinawa suka kafa sarautarsu bayan jihadi. Ruwa ya rushe gidajen ƙasa, Turawan Faransa suka maida gari bisa tudu, aka ja tituna miƙaƙƙu. Baba ya ce shi aka ɗora wa tabarmi a ka, kakarmu ta riƙa waiwaye tana kuka saboda rijiyarta. In ka bi layukan tsakiyar gari yau ka gan su kamar an ja da igiya, to daga nan abin ya samo asali.

Mafi yawan shafukan littafin na zamanin gyaɗa ne. Kai da ka tashi ka tarar da fataucin kaya daga Kwatano, da wuya ka yarda cewa gyaɗa ce ta taɓa riƙe ƙasar nan. Kafin a fara haƙo uraniyom a Arlit, ita ce babban abin da Nijar ke saidawa waje. Da kaka ta yi sai a kafa sikeli a kasuwannin ƙauye, a auna, a loda a kamyo a nufi Kano, daga can jirgin ƙasa ya kai ta bakin teku. Baba yaron wani ɗan kasuwa ne, yana bin ƙauyuka da buhuna. Ko da aka samu mulkin kai a 1960 yana kan wannan aiki, ya ce labarin ma a gindin sikeli ya same shi. Da kuɗin gyaɗa ya yi aure, da su ya sa ni lakwal, ko da yake bai taɓa yarda da boko ɗari bisa ɗari ba. Kullum zai ce: "Kai yaro, mushe da rana, malam da asuba."

Daga nan sai fari. A 1973 ruwa ya ƙi, dabbobi suka zube, mutanen arewa suka gangaro gari da ƴaƴansu. Ranar 15 ga Afrilu 1974 soja suka kifar da Diori Hamani, Seyni Kountché ya hau. Gyaɗa ba ta sake komawa yadda take ba, manoma suka koma ga hatsi da wake. A littafin Baba ma za ka ga sauyin: inda dā ake lissafi da buhun gyaɗa, sai aka koma tiyar hatsi. Wane tiya biyar, wance tiya uku.

Shekarar da ya fi yawan ambata ita ce 1984, wadda mutanenmu suka sa wa suna El Buhari. Damina ta lalace, ga Najeriya ta rufe iyaka a watan Afrilu, ta kuma canza takardun naira. Iyakar ba ta buɗe ba sai 1986. Baba na da naira a ajiye, suka zama takarda a hannunshi. Ina tuna Inna tana dama kunu tsararo, tana ce mana wai haka likita ya ce a sha. Ni dai a ganina wannan shekara ce ta karya shi, don bai sake fita fatauci ba. Amma bai taɓa ce mana haka ba.

A shafukan wannan shekara, sunaye da yawa an ja musu layi. Muka ɗauka waɗanda suka biya ne. Inna ta ce a'a, dare guda ya zauna gaban fitilar ƙwai ya soke su, bai faɗa wa kowa ba, har masu bashin. Akwai kuma wasu layuka a gefen takarda da hannunshi ya yi rawa, mun kai wa malamai biyu, ba wanda ya iya warware su. Da yana raye tambaya ɗaya ta isa. Shekara arba'in ina kwana gida ɗaya da adakar nan, ban taɓa cewa ya buɗe mini ba.

Kafin mu gama rabon, wani dattijo ya zo daga wajen Tibiri da buhun hatsi biyu a amalanke. Ya ce bashin mahaifinshi ne na shekarar El Buhari, ya bar mishi wasiyya ya biya. Wana ya ɗauko littafin, muka nemo sunan, muka tarar an ja mishi layi. Muka nuna mishi. Ya daɗe yana duban shafin, sa'an nan ya ce shi dai ba zai koma da hatsin gida ba. Inna ta sa aka kai shi makarantar allon da ke bayan gidanmu.