Daga Sambo Zuwa Harafin H: Yadda Baƙar Fatar Amurka Suka Ƙwato Hoton 'Ya'yansu

A wannan karon na ga ya dace in ɗan kauce wa labaran da muka saba, in kai ku Amurka mu leƙa tarihin littattafan yara masu hotuna na baƙar fatar ƙasar, domin kuwa akwai darasi a ciki ga duk mai riƙe da alƙalami.

A 1899 wata Baturiya 'yar Sikotlan mai suna Helen Bannerman ta fitar da Little Black Sambo. Ita dai a Indiya ta gina labarinta, amma da masu ɗab'in Amurka suka sake buga shi, sai aka riƙa zana yaron baƙi ƙirin, da jajayen leɓɓa da idanu kwala-kwala, abin dariya. Shekara da shekaru irin wannan hoto ɗan baƙar fata yake gani idan ya buɗe littafi yana neman mai kama da shi.

To, ka san in ka ga raƙumi ya tashi, kaya ne suka yi masa nauyi. A Janairun 1920 shehin malami W.E.B. Du Bois da marubuciya Jessie Fauset suka soma buga wa yaransu mujallar The Brownies' Book, mai ɗauke da hotunan yara na gaske, da tatsuniyoyin Afirka, da tarihin gwarazansu. Fitowa 24 ta yi, rashin kuɗi ya kashe ta a Disambar 1921. Amma irin da ta shuka bai mutu ba.

Manyan kamfanonin ɗab'i kuwa ko a jikinsu. A 1965 Nancy Larrick ta ƙirga littattafan yara 5,206 da suka fito tsakanin 1962 da 1964, ta tarar 349 ne kacal ke da ko da baƙar fata ɗaya a ciki. Hatta The Snowy Day, labarin yaro Peter da ya ci lambar Caldecott a 1963, wadda ita ce babbar lambar zanen littafin yara a ƙasar, farar fata ne ya rubuta shi ya zana, wato Ezra Jack Keats. Wannan giɓi na cikin abin da ya sa wasu ma'aikatan laburare suka kafa lambar Coretta Scott King a 1969. A shekarar ce kuma John Steptoe, saurayi da bai kai shekara 20 ba, ya fitar da Stevie, cikin irin Turancin da yaran unguwarsu ke yi.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne inda suka dosa da suka samu dama: gida Afirka suka waiwayo. Tom Feelings, wanda ya zauna a Ghana, shi da matarsa Muriel suka yi Moja Means One a 1971, littafin koyar da ƙirga da Suwahili. Leo Dillon ya zama baƙar fata na farko da ya ci Caldecott a 1976, tare da matarsa Diane, a kan tatsuniyar Afirka ta Yamma game da dalilin da ya sa sauro ke kuka a kunnen mutane. A 1977 suka sake ci da Ashanti to Zulu na Margaret Musgrove, inda kowane harafi ke wakiltar wata al'ummar Afirka. Ko kun san wa aka ba harafin H? Mu ne, Hausawa. Yara a can ƙetaren teku sun koyi wannan harafi da sunanmu.

Sai kuma gadon da kakanninsu suka ƙirƙira a cikin bauta. Virginia Hamilton ta tattara tatsuniyoyinsu a The People Could Fly a 1985, ciki har da ta bayin da suka tashi sama suka bar gonar ubangida. Julius Lester ya sake ba da labaran zomon nan mai wayo, Brer Rabbit, a 1987, bayan fiye da ƙarni guda suna yawo da sunan Bature Joel Chandler Harris. Duk wanda ya san yadda Gizo ya manne a jikin 'yar danƙo zai gane labarin zomo da 'yar tsanar kwalta. Faith Ringgold kuma daga bargon faci-faci da ta zana wa labari, sana'ar da matan gidansu suka gada, ta fitar da Tar Beach a 1991. Ƙarshen tika-tika tik, a 1996 Lester da mai zane Jerry Pinkney suka ɗauko labarin Sambo kansa suka sake shi da suna Sam and the Tigers, yaro kyakkyawa mai dabara.

Kada mai karatu ya ɗauka an gama. Sai a 2024 mace baƙar fata ta fara cin Caldecott, wato Vashti Harrison, kuma a 2021 an ga wasu iyaye a jihar Tennessee suna neman a cire littafin Ruby Bridges daga manhajar makaranta.

A ganina, mutanen da aka raba da harshensu da sunayensu sun gane cewa hoton farko da yaro ya gani yana riga wa'azi shiga zuciya. Mu da harshenmu da tatsuniyoyinmu ke hannunmu, littattafan soyayya sun cika kasuwa, amma nawa ne a cikinmu suka zauna da mai zane domin ɗan shekara biyar ya ga Gizo da Ƙoƙi a takarda? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya sa mu dace.