3.2 Franz Marc da Shuɗɗan Dawakinsa (1880–1916)

An haifi Franz Marc a birnin Munich na ƙasar Jamus a shekarar 1880. Mahaifinsa ma mai zane ne, wanda ya fi mayar da hankali ga filaye da tsaunuka. Da farko Marc ya so ya karanci ilimin addini, amma daga baya ya shiga makarantar koyon zane ta Munich a 1900. Tafiyar da ya yi zuwa Paris a 1907, inda ya ga ayyukan Van Gogh da Gauguin, ita ce ta fara sauya masa tunani game da launi.

Bayan ya koma ƙauyen Sindelsdorf da zama, sai ya riƙa bin dawaki makiyaya yana nazarin tsayuwarsu da motsinsu. Wannan batu yana da muhimmanci, domin masu sukarsa sun ɗauka rashin iya zane ne ya sa yake shafa wa doki shuɗi. Alhali kuwa idan aka duba zanen Manyan Shuɗɗan Dawaki na 1911, wanda ya yi da fentin mai, za a ga ƙirar wuya da gadon baya da cinya duk sun zauna daidai, har lanƙwasar jikin dawakin ta yi kama da ta jajayen tuddan da ke bayansu. Launin ne kawai ya saɓa wa abin da ido ya saba gani, kuma da gangan ya yi hakan. A wata wasiƙa da ya aika wa abokinsa August Macke a 1910, ya bayyana cewa a wurinsa shuɗi na wakiltar namiji da ruhi, rawaya na wakiltar mace da fara'a, ja kuwa shi ne nauyin abin duniya. Wato launi ma'ana yake ɗauke da ita, ba ado ba. Bisa wannan fahimta ce shi da Wassily Kandinsky suka kafa ƙungiyar Der Blaue Reiter, ma'ana Shuɗin Mahayi, a 1911.

Abin mamaki shi ne, mutumin da yake ganin dabba ta fi ɗan Adam tsarki ya karɓi Yaƙin Duniya na Ɗaya hannu bibbiyu a 1914, yana zaton yaƙin zai wanke Turai. Har fentin tamfol ya yi wa soja don ɓoye igwa daga jiragen sama. Ɓarɓashin harsashin igwa ya kashe shi kusa da Verdun ranar 4 ga Maris 1916, yana da shekara 36.

Mutuwar fagen fama ba ta kare ayyukansa daga gwamnatin Nazi ba. A 1937 aka ɗauke zanensa mai suna Hasumiyar Shuɗɗan Dawaki, na 1913, daga gidan adana zane na ƙasa da ke Berlin, aka kai shi baje kolin da aka shirya a Munich don tozarta zanen zamani. Tsofaffin hafsoshi suka yi ƙorafin cewa mai zanen ya mutu ne yana yi wa Jamus yaƙi, sai aka sauke shi daga bango. Daga nan ya faɗa hannun Hermann Göring, kuma tun ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu ba a san inda yake ba.