Ƙananan asibitocin karkara da muhimmancinsu ga al'ummar Mubi

Garin Mubi yana arewacin Jihar Adamawa, a gindin duwatsun Mandara, kusa da iyakar Kamaru. Tsakaninsa da Yola, babban birnin jihar, akwai tafiyar kimanin kilomita 200. An raba yankin zuwa ƙananan hukumomi biyu, Mubi ta Arewa da Mubi ta Kudu, kuma jama'a da yawa suna zaune ne a ƙauyuka irin su Muchalla da Vimtim da Gella da Kwaja, inda noma da kiwo suka zama abin dogaro. Ga mutanen waɗannan wurare, ɗakin shan magani na ƙauye ko asibitin mazaɓa shi ne ƙofar farko da ake ƙwanƙwasawa idan ciwo ya zo.

Matsayinsu a tsarin kiwon lafiya

Kiwon lafiya a Najeriya hawa uku ne. Asibitocin koyarwa da cibiyoyin lafiya na tarayya suna sama, manyan asibitocin jihohi suna tsakiya, ƙananan asibitoci kuwa su ne matakin farko. Tushen wannan tsari shi ne taron Alma-Ata na 1978, inda ƙasashen duniya suka amince cewa a kai kulawar lafiya kusa da gidajen mutane. Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, wanda ya riƙe Ma'aikatar Lafiya daga 1985 zuwa 1992, shi ya ɗora manufar ƙasa a kan wannan turba, kuma a 1992 aka kafa Hukumar Bunƙasa Kiwon Lafiya a Matakin Farko ta Ƙasa. Burin da ake bi a yau shi ne kowace mazaɓa ta samu aƙalla asibiti ɗaya mai aiki sosai. Jihar Adamawa tana da ƙananan hukumomi 21 da mazaɓu 226.

Ayyukan da suke yi

Yawancin waɗannan asibitoci ba su da likita. Jami'an lafiyar al'umma da ungozoma da ma'aikatan jinya ne ke riƙe da su. Aikinsu ya haɗa da awon ciki, karɓar haihuwa, rigakafin yara, gwajin zazzaɓin cizon sauro da ba da maganinsa, kula da masu gudawa, da gano yaran da tamowa ta kama. Abin da ya fi ƙarfinsu, kamar haihuwar da ke buƙatar tiyata ko ƙarin jini, sai su tura shi babban asibitin Mubi.

Amfanin kusancin ya fi bayyana da damina, lokacin da rafuka ke cika, hanyoyin kan dutse su lalace. Zubar jini bayan haihuwa yana iya kashe mace cikin sa'o'i kaɗan, haka ma zazzaɓi mai tsanani ga ƙaramin yaro. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa Najeriya ce ke ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya, kuma tana kan gaba wajen yawan matan da ke rasuwa a dalilin ciki da haihuwa. Yawancin waɗannan rayuka ana iya ceto su da magani mai sauƙin kuɗi, muddin an same shi a kan lokaci.

Darasi daga tarihin yankin

Wannan shiyya ta daɗe da sanin darajar ƙaramin asibiti. 'Yan mishan sun sauka a Garkida a 1923, suka kafa asibiti da wurin kula da kutare, daga baya kuma, a shekarun 1970, suka fara horar da mutanen ƙauye su zama ma'aikatan lafiya a garuruwansu. A asibitin mishan na garin Lassa, a kudancin Borno, aka fara lura da cutar da duniya ta sani da zazzaɓin Lassa a 1969, bayan ta kama wata ma'aikaciyar jinya. Wannan ya nuna cewa asibitin karkara shi ne idon hukuma: a can ake fara ganin annoba kafin ta isa birni.

An kuma ga illar rashinsu. A ƙarshen Oktoban 2014 mayaƙan Boko Haram suka kame Mubi, jama'a suka watse zuwa Yola da Kamaru, ma'aikatan lafiya suka gudu tare da su. An ƙwato garin a watan Nuwamba na shekarar, amma farfaɗo da rigakafi da awon ciki a ƙauyuka ya ɗauki lokaci. A watan Mayun 2018 cutar amai da gudawa ta ɓarke a Mubi ta Arewa da ta Kudu, har aka buɗe wurin jinya na musamman a babban asibitin garin. Shawo kanta ya buƙaci tsabtace ruwan sha da bin unguwa-unguwa don gano marasa lafiya da wuri, aikin da ma'aikatan matakin farko suka fi kowa sanin hanyarsa.

Kuɗi da ƙalubale

Adamawa na cikin jihohi uku, tare da Nasarawa da Ondo, da aka gwada tsarin biyan asibiti gwargwadon aikin da ya yi, da tallafin Bankin Duniya. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 kuma ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda ake zuba masa aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya, aka fara ware masa kuɗi a kasafin 2018.

Duk da haka, matsalolin da aka saba gani a karkarar Najeriya suna nan: ƙarancin ungozoma, rashin masaukin ma'aikata da zai ba su damar kwana a wurin aiki, yankewar magunguna, da rashin wutar da za ta riƙe firjin allurar rigakafi. Gini kaɗai ba ya warkar da kowa. A nan ne kwamitocin raya mazaɓu, waɗanda suka ƙunshi masu unguwanni da malaman addini da wakilan mata, suke da rawar takawa wajen sa ido kan kuɗin da ke shigowa da tabbatar da cewa duk wanda ya zo da dare ya tarar da ma'aikaci a bakin aiki.