Risho a Matsayin Shaidar Tarihi: Misali daga Ƙasar Kura da Bunkure

Masu nazarin tarihin ƙasar Kano sun saba da neman shaida a cikin kundayen malamai da rahotannin Turawan mulki da kuma bakin dattawa. Ba kasafai suke leƙa kicin ba. Alhali kuwa akwai wani ƙaramin kayan girki na tagulla wanda yake ɗauke da shekarar haihuwarsa a jikinsa, abin da ba kowace takarda ce take da shi ba. Wannan shi ne risho mai famfo, wanda a yau ba a cika ganinsa ba sai a ƙarƙashin gadon tsofaffi ko a buhun 'yan gwangwan.

Sunan kansa abin lura ne. Kalmar kananzir daga Ingilishi ta zo, haka ma kuku, amma risho daga Faransanci Hausa ta aro shi. Wannan yana nuna cewa Hausawan da ke ƙarƙashin mulkin Faransa, da fataken da ke kai da kawowa tsakanin Maraɗi da Damagaram da Kano, suna da hannu wajen yaɗa sunan. Shi kuwa kayan ba na Ingila ba ne, ba kuma na Faransa ba. A birnin Sitokholm na ƙasar Suwidin aka fara ƙera shi a 1892, inda wani maƙeri mai suna F. W. Lindqvist da abokin aikinsa J. V. Svenson suka fito da shi da sunan Primus, kamfanin B. A. Hjorth kuma ya ɗauki nauyin sayar da shi a duniya. Da irinsa Amundsen ya yi girki a tafiyarsa zuwa ƙuryar kudancin duniya a 1911.

Wajibi ne mai son gane shi ya fahimci yadda yake aiki, domin nan ne bambancinsa da sauran yake. Ba shi da lagwani ko ɗaya. Akwai tanki na tagulla mai ƙafa uku, da famfo a gefe, da wani ɗan kasko a ƙarƙashin kan da wuta take fita. Sai a zuba sifirit a kaskon a kunna, har bututun kan ya yi zafi, sa'an nan a toshe mafitar iska a buga famfo. Iskar da aka matsa ita ce take tura kananzir sama, zafin bututu ya mai da shi tururi, ya fita ta wata 'yar ƙofa mai kamar bakin allura, ya gauraya da iska, ya kama da wuta shuɗiya wadda ba ta baƙanta tukunya. In an so kashewa, sai a kwance mafitar iskar kawai. Kan iri biyu ne: akwai mai ruri, wanda ake jin gurnaninsa daga zaure, kamar na Primus mai lamba 1, akwai kuma mai shiru, mai hula da ƙananan huji, kamar na mai lamba 5.

Babban abin da ya sa Primus ya zama abokin mai tarihi shi ne, tun daga 1911 kamfanin ya riƙa buga harafi a gindin tanki don nuna shekarar ƙira. Harafin A shi ne 1911, B 1912, haka har zuwa Z a 1935, amma an tsallake Q. Daga 1936 aka koma haruffa biyu, watau AA, AB, AC, har zuwa AU a 1955, daga nan aka shiga amfani da lambobi. Wani abin sha'awa, shekarar harafin A ita ce shekarar da layin dogo ya iso Kano, ya bi ta Madobi da Chalawa, ba nisa da Kura. Harafin D kuma ya dace da 1914, shekarar da Gwamna Lugga ya haɗe Kudu da Arewa. Wanda ya manta da tsallaken Q zai yi kuskuren shekara guda a kan duk wani harafi daga R zuwa Z, kuma irin wannan ƙaramin kuskure ne yake shiga littafi ya zauna.

Dangantakar risho da jirgin ƙasa ba ta tsaya ga dacewar shekara ba. Risho ba ya aiki sai da kananzir, kananzir kuwa bai wadata a Kano ba sai da jirgi ya fara kawo shi cikin garwa mai cin galan huɗu, kantunan Turawa irin su John Holt da Kamfanin Neja suna sayarwa. Garwar da ta ƙare ba a yar da ita; ita ce ta zama abin ɗiban ruwa. Saboda haka in wani ya fito da risho ya ce kakansa yana girki da shi a Bunkure tun kafin zuwan Turawa a 1903, to, tambayar farko ba ta shafi harafi ba: ina yake samun mai?

Idan harafin ya goge, akwai sauran alamomi. Tambarin Primus na gaskiya yana da hoton risho a tsakiyar sunan, ya raba shi biyu. Sunan Bahco a jikin tanki yana nuna ba a ƙera shi ba sai daga tsakiyar shekarun 1950, lokacin da kamfanin Hjorth ya sake suna. A 1962 kuma kamfanin Optimus, wanda aka kafa a 1899, ya karɓi ƙirar rishon kananzir mai sunan Primus. Kamfanin Radius ya fara a 1913 ya rufe a farkon shekarun 1960, don haka duk abin da ke ɗauke da sunansa yana tsakanin waɗannan shekaru. Da yawa daga cikin tankunan suna da rubutun Larabci, wanda yakan sa a ɗauka a Makka ko Misira aka yi su. Ba haka ba ne. 'Yan Suwidin ne suka buga shi saboda kasuwar ƙasashen Larabawa. Mai yiwuwa ne alhaji ya zo da shi a matsayin tsaraba, amma wannan labarin tafiyarsa ne, ba na ƙirarsa ba. Akwai kuma na kwaikwayo masu kama da shi ƙwarai, irin su Hipolito na Fotugal da Prabhat na Indiya.

A nan ne ya kamata ɗalibi ya yi hattara. Shekarar ƙira daban, shekarar isowa daban, shekarun amfani kuma daban. A ce an sami risho mai AE a wani gida a Kadawa. Harafin ya tabbatar da 1940, amma bai faɗi ko kukun wani Joji ne ya gaje shi bayan rangadi ba, ko sojan da ya dawo daga Bama ne ya zo da shi, ko kuwa a kasuwar Sabon Gari aka saye shi kwance bayan shekara talatin. Bugu da ƙari, tanki kaɗai ake yi wa shaida. Kai yana toshewa a sake shi, fatar famfo tana bushewa baduku ya yanka wata, ƙafa tana ɓallewa mai gyara ya liƙa ta da dalma. Sau da yawa abin da ke hannu tankin Suwidin ne da kan Indiya da ƙafar Kano.

Ƙasar Kura da Bunkure da Garun Malam wuri ne mai kyau na gwada wannan awo, domin sauyin da ya same ta yana da sanannun shekaru. Kafin aikin ruwa, Kura ta yi suna ne da rini da bugu, girki kuwa na murhu ne da itace da kara. A zamanin Gwamna Audu Bako, wanda ya mulki Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, aka fara gwajin noman rani a Kadawa da shawarar masana na kamfanin NEDECO daga ƙasar Holan, aka gama dam ɗin Tiga a 1974, aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are a 1976. Safiyo da direbobin katafila da malaman gona da akawuna suka sauka a karkara, mafi yawansu ba tare da iyali ba, ga kuma kuɗin Udoji a aljihu. Gwauro mai albashi shi ne mai sayen risho. Sai dai a lokacin rishon lagwani mai araha, wanda ba ya bukatar sifirit ko allurar tsokaci, ya riga ya fara ture mai famfo. Ke nan Primus mai harafi da aka tsinta a yankin ya girmi aikin ruwan da aƙalla shekara goma sha biyar, kuma kuskure ne a jingina ƙirarsa ga zamanin Tiga, ko da a lokacin ya shigo.

Abin da ya biyo baya sananne ne. Ƙarancin kananzir na shekarun 1990 ya haifar da murhun ɗiddigar katako da jama'a suka laƙaba wa sunan Abacha, janye tallafin kananzir a 2016 kuma ya tura gidaje da yawa ga gawayi da gas. Risho mai famfo ya rasa aiki, amma tagullarsa ba ta rasa daraja ba, domin 'yan gwangwan a kan sikeli suke saye, ba ruwansu da harafi. Wanda ya tsira daga sikeli kuma yakan gamu da uwargida mai tsabta, ta sa toka da tsamiya da yashi ta dirje shi har rubutun ya shafe. Ma'aikacin da ya ci karo da irinsa a gidan dattijo, abin da ya fi amfani shi ne ya kifa shi ya ɗauki hoton gindin da na tambarin, ya rubuta sunan garin, sa'an nan ya tambayi mai gidan wa ya fara kawo shi, daga ina, kuma a zamanin wane Sarkin Kano, domin da sarauta dattawa suke lissafin shekaru.